A Kan Keke Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Rijiyar Zaki

Kano gari ne shimfiɗaɗɗe. In ka ɗauke Dutsen Dala da Goron Dutse, babu wani hawa da zai sa mai lafiya ya sauko daga keke ya tura. Baƙo ba ya gane haka muddin yana cikin adaidaita sahu, don abin da yake gani bai wuce ƙeyar direba da hayaƙin motar da ke gaba ba. Ni mutumin Gusau ne, aiki ne ya kawo ni. Na kama ɗaki a Gyaɗi-Gyaɗi saboda a nan na sami wanda ya tsaya mini, wurin aikina kuwa yana can Rijiyar Zaki a kan titin Gwarzo. Kullum safiya sai na ratsa garin zuwa yamma, da la'asar sakaliya kuma in sake ratso shi.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na shan rantsuwa cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota kuma ya bi ta a guje. Ni da nake hawa sahu biyu kafin in isa ofis, sai na wayi gari wani babban yanki na albashina yana ƙarewa a kan titi. Acaɓa kuwa an hana shi ɗaukar fasinja a cikin birnin tun watan Janairun 2013. Abin da ya rage shi ne ƙafa ko keke, tafiyar kuma ta kilomita goma da ɗoriya ce. Na je Sabon Gari wajen masu kekunan gwanjo, na zaɓi wani mai giya, mai kariya a baya, aka sake masa burki da tayar gaba, na tuƙo abina zuwa gida.

Da farko hanyar da sahu yake bi da ni ita na bi, don ita kaɗai na sani: in fito ta Court Road, in hau titin Gidan Zoo, in ɓulla Ɗan'agundi, in miƙe titin BUK, wato na Jami'ar Bayero, har Kabuga, sannan in kama titin Gwarzo. Hanya ce miƙaƙƙiya, amma ba don mai keke aka yi ta ba. Gefen kwalta duk yashi ne da fasassun kwalabe, ga masu talla, ga masu sahu da ke tsayawa duk inda aka ɗaga musu hannu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gadojin ƙasa na Gadon Ƙaya da Kabuga. Kana gangarawa motoci na ƙara wuta, bango a damanka, babu inda za ka raɓe, in ka zo fita kuma ga hawa, gudunka ya ragu, na bayanka yana danna maka ham. Wata safiya wani mai sahu ya yanko gabana zai ɗauki fasinja, kan kekena ya goge jikin kekensa, na dafa ƙasa da ƙafa ɗaya ina salati. Ya leƙo ya ce, "Yi haƙuri Malam, wallahi ban gan ka ba." Na kuma yarda da shi. A wannan titi idon direba mota yake nema, mai keke ba ya cikin lissafinsa.

A wajen wani mai faci a Gandun Albasa na haɗu da mutumin da ya shigar da ni cikin 'yan keke. Ina zaune a benci ana neman hujin tayata a cikin bahon ruwa, sai ga shi ya tsaya zai sha iska, da hular kwano da riga mai ɗaukar ido. Muka gaisa, ya dubi kekena, ya ce sirdin ya yi ƙasa da yawa, in na ci gaba a haka gwiwa za ta dame ni. Ya karɓi sifana a hannun mai facin, ya ɗaga sirdin har ya zo daidai ƙuguna. Da ya ji inda nake zuwa kullum sai ya girgiza kai. "Kai kaɗai kake wannan hanya? Ka zo ranar Lahadi bayan asuba, muna taruwa a nan gaba kaɗan. Ba kuɗin shiga, ba kati. Ka dai zo da ruwan sha."

Na je. Na tarar da mutane iri-iri: likita, malaman makaranta, wani tela, ɗaliban jami'a, da wani tsohon soja wanda shi ne ke jan gaba. Kekunan ma haka, daga na tsere mai siririyar taya har irin nawa na gwanjo. Ba wanda ya kalli na wani da raini. Kafin a tashi tsohon sojan ya bi kowa ya matsa burkinsa, ya danna tayarsa da babban yatsa, sannan ya maimaita ƙa'ida saboda mu sababbi: layi ɗaya ake yi a kan babban titi, wanda ya ga rami ya nuna da hannu ya ce "rami", wanda ya ga yashi ya ce "yashi", na bayansa ya miƙa maganar har ta kai ƙarshen layi. Akwai kuma mutum guda da ake bari a can baya da famfo da kayan faci, aikinsa kada a bar kowa a hanya.

Ranar titin Zariya muka miƙa. Muka wuce Na'ibawa, kasuwar 'Yan Lemo tana ta sauke kaya, muka bar gidaje a baya har muka kai gadar Tamburawa, inda muka tsaya muna kallon ruwa da masu ɗibar yashi. Daga nan in ka ƙara gaba sai Kura da gonakin shinkafar da ke shan ruwan madatsar Tiga. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai a wannan tafiya shi ne waɗanda muke cin karo da su. Mu muna fita gari don motsa jiki, su kuwa suna shigowa neman abinci, kuma sun ninka mu yawa nesa ba kusa ba. Ga mai ɗaurin rake da ya fi kekensa tsawo, ga mai kwandon kaji, ga mai jarkoki huɗu biyu-biyu a kowane gefe, ga magini da cebur ɗaure a jikin ƙarfen keke, ga dattijo da jikansa a kariya. Ba hular kwano, ba fitila, wasu ma burkinsu tafin silifas ne. Waɗannan su ne masu keken Kano na ainihi. Tun kafin mai ya yi tsada suke kan wannan hanya, kuma ban taɓa jin an tambaye su ra'ayi ba in za a yi titi.

Abin da ciwo, domin keke yana da tarihi a garin nan. Kamfanin Raleigh ya taɓa samun masana'anta a Kano, iyayenmu kuma sun ga zamanin da malamin makaranta ko ma'aikacin En'e zai sayi Rali sabo fil a zo ana taya shi murna. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa, sannan babur ya zo ya ture su duka, keke ya koma abin da ake ganin sai wanda ya rasa yadda zai yi ne ke hawa. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, shi da kansa yana hawa a Abuja, har wata motar bas ta ture shi ya faɗa kwata. Mutane suka yi ta dariya, maganar ta mutu. Ni a ganina gaskiya ya faɗa, faɗuwarsa kuma ita ce babbar hujjar cewa kira kaɗai ba ya isa in ba a ware wa keke wurinsa a titi ba.

A tafiye-tafiyen Lahadi na koyi abubuwan da suka sauya mini zaman titi. Likitan nan ne ya fara hana ni manne wa bakin kwata. Ya ce in ka lafe a can, direba zai ɗauka akwai wurin wucewa ko da babu, ya matse ka. Ka bar kamar tsawon hannu tsakaninka da gefe, ka tafi a miƙe, kada ka riƙa shiga kana fita tsakanin motocin da aka ajiye. Telan kuma ya koya mini abin da ya fi wannan amfani a Kano. Ya ce, "Kada ka kalli mai sahu, ka kalli mutanen da ke tsaye a bakin titi. Da zarar ka ga wata ta ɗaga hannu, to sahun da ke gefenka ya riga ya yanko, ka kama burki tun kafin ya juya." Na gwada, haka abin yake. Ya ce kuma in mota tana tsaye a mahaɗa, tayarta ta gaba zan duba, ita ce ke fara faɗin inda direba ya nufa.

Duk da haka hanyar ofis ba ta sauya ba, gadojin nan suna nan suna jirana kowace safiya. Maganinsu a teburin mai shayi na same shi, inda muke tsayawa in mun dawo. Akwai wani dattijo da ke zama da mu a wurin, kowa Baba yake ce masa. Ba ya bin mu Tamburawa, ya ce shi bai ga dalilin da zai sa mutum ya tuƙa keke zuwa inda ba shi da saƙo ba. Haifaffen cikin birni ne, ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Sharaɗa har ta rufe, kuma duk tsawon shekarun a kan baƙin Phoenix ɗinsa ya yi su, mai burkin ƙarfe, wanda har yau yake gogewa da tsumma kafin ya hau. Da ya ji ina ba da labarin gadar Gadon Ƙaya sai ya ajiye kofinsa.

"Ɗana, wa ya aike ka ta nan? Kana da gari a gefenka kana bin bayan ganuwa?"

Na ce, "Baba, ai ban san cikin gari ba. Tsoro nake kada in ɓata."

"Gobe in ka yi asuba ka same ni a Ƙofar Na'isa. Ka zo da wuri, kafin 'yan makaranta su fito."

Na same shi tsaye a gindin ƙofar, ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya ɗaure bakin wandonsa na dama da roba saboda sarƙa. Kafin mu shiga ya nuna mini abin da ya rage na badala a gefe, tudun jar ƙasa da ruwan sama ya zaizaye, gine-gine sun ci wani sashe. An fara wannan ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekaru 900 da suka wuce, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa. Baba ya ce suna yara a kanta suke hawa su hango shanu suna shigowa gari. Titin BUK da nake bi kullum a gindinta yake tafiya, yana wuce ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, Sabuwar Ƙofa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, Kabuga, ni kuwa ban taɓa ɗaga kai na dube su ba saboda idona na kan tayar motar gaba.

Muna shiga ƙarar titi ta yanke. Muka ɗan bi kwalta, sannan Baba ya karya hagu ya faɗa wani lungu da ni da kaina ba zan taɓa zaton yana ɓullewa ba. Faɗinsa bai wuce a gifta da kurar ruwa ba. Kwata na gudana a tsakiya, an ɗora mata faifan siminti a wasu wuraren, a wasu kuma sai ka ɗaga gindi daga sirdi ka tsallake. Wata tsohuwa tana tsame ƙosai daga mai, yara sun kewaye ta da kwanonin koko. A wani zaure almajirai sun duƙufa a kan alluna, karatunsu na fita har waje. Akuya ta taso daga kan dakali ta tsaya mana a hanya, Baba ya kaɗa mata ƙararrawa sau ɗaya ta matsa. Bangayen wasu gidajen na ƙasa ne, da zankwaye a saman soro, na kusa da su kuma bulo ne da tayil. Rana ba ta kai ga shigowa ba, iskar wurin da sanyinta.

Tafiyar cikin lungu tana da ladabinta, Baba kuma bai bar ni na koya da ka ba. Duk majalisar da muka wuce sai ya rage gudu ya yi sallama, a amsa masa da "Baba an fito?" Ya ce mini, "Nan ƙofar gidan mutane ce, ba titi ba. Ka yi sallama ko ba ka san kowa ba. Gobe in tayarka ta yi faci su ne za su ba ka benci." In ka zo kwana ka kaɗa ƙararrawa tun kafin ka karya, saboda yaro na iya fitowa a guje. In ka tarar an shimfiɗa tabarmi ana zaman makoki ko ɗaurin aure, ka sauka ka tura, ka yi musu addu'a ka wuce. In mata sun fito daga gida, kai ne za ka tsaya su wuce. Ranar Juma'a kuma kada ka kuskura ka biyo kusa da masallaci in azahar ta gabato.

Yana tafe yana kiran sunayen unguwanni, nan Gwale, can hanyar Mandawari, gaba Sani Mainagge, ni kuma ina ƙoƙarin riƙe alamu: masallaci mai koren fenti, injin markaɗe, bishiyar darbejiya da aka ɗaure wa tunkiya. Ba zato sai ga mu a Tal'udu, Goron Dutse yana tsaye a damanmu. Gadar Gadon Ƙaya tana can baya, ban ko ji ƙararta ba. Daga nan zuwa Kabuga ɗan taƙi ne. Ta wannan ɓangare na yamma ne sojojin Turawa suka fasa suka shiga Kano a 1903, Baba ya nuna wajen da haɓa, ya ce kakansa ya ga ranar. A Kabuga ya hana ni shiga gadar ƙasa. Muka bi ta sama a hannun masu juyawa, muka sauka muka tura tare da masu tafiya a ƙasa, muka tsallaka, sannan ya tsaya ya ce, "To ga titin Gwarzo nan, miƙe abinka. Ni a nan zan karya, ina da gaisuwa a Ɗorayi." Na yi masa godiya, na ce ko zai karɓi na shayi. Ya ce, "Haba ɗana. Kai dai in ka ga wani yana wahala a hanya, nuna masa."

Sashen farko na hanyar ni na haɗa shi da kaina daga baya, da taimakon biyu daga cikin ɗaliban da muke fita tare ranar Lahadi, waɗanda ke zaune a unguwar Hausawa. Maimakon in hau titin Gidan Zoo tun daga farkonsa, sai in bi layukan cikin unguwa, in tsallaka shi sau ɗaya, in ratsa Gandun Albasa, in ɓullo kusa da Ɗan'agundi. Abin da ya rage mini na babban titi kafin Na'isa kaɗan ne. Hanyar ta fi ta farko tsawo, amma ƙasa da awa guda nake yi, kuma lokacin ba ya sauyawa ko da cunkoso ko babu. Sau da yawa nakan riga abokan aikina da ke tahowa a mota isa.

Ba zan ce babu wuya ba. A bazara, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, dole in fita da sassafe, in ɗauro wata rigar a kariya in sauya a ofis. Da hunturu hazo kan rufe gari, sai da takunkumi a hanci da man shafawa a leɓe, ga sanyin asuba yana yanka yatsu. Da azumi nakan rage gudu a dawowa, in bi inuwa. Na sa fitila gaba da baya, ta bayan ja mai ƙyaftawa. In magariba ta riske ni a ofis kuma ba na bin lungu, saboda masu ƙwacen waya ba su bar kowace unguwa ba. Gara in bi inda ke da haske da jama'a, wayar kuma tana can ƙasan jaka. Mai gadin wurin aikinmu ya ba ni wani lungu kusa da ɗakinsa inda nake ɗaure keken.

Abin da nake so in gani ba mai tsada ba ne. An kashe kuɗi masu yawa a gadar sama ta Ƙofar Nassarawa da ta Dangi da gadojin ƙasan nan, kuma sun rage wa masu mota cunkoso, ban musa ba. Amma titin BUK yana da faɗin da za a iya yanke masa hannu guda a gefe, a sa masa dakalin siminti da zai hana sahu shiga, tun daga Ƙofar Nassarawa har Kabuga. Makarantu ne jere a wannan titi, ga Kwalejin Rumfa, ga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, kowace safiya kuma yara ne a kan kekuna suke kutsawa tsakanin motoci da jakunkuna a baya. Su nake tunawa duk lokacin da na ga ana bikin Ranar Keke ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 2018 ake yin ta kowace 3 ga Yuni. Manya su hau keke na rabin awa a ɗauki hoto, jami'an tsaro sun tare musu hanya, washegari yaron Rumfa ya koma cikin motoci shi kaɗai. Mun fara tattara sunayen mahaɗun da suka fi haɗari, kowa yana kawo na hanyarsa, da niyyar mu rubuta mu kai wa masu ruwa da tsaki. Na dage a kan cewa in za a je, a tafi da Baba da irin masu raken titin Zariya, don sun fi mu sanin inda ake buge mutane.

Yanzu mu uku ne muke tahowa tare daga ofis, wani akawu da wani matashi mai share-share sun sayi nasu. Damina ta kawo sabuwar matsala: akwai lungu biyu a hanyarmu da ke cika da ruwa in an yi mai ƙarfi, kwata ta ɓace a ƙarƙashinsa, ba ka sanin inda tayarka za ta faɗa. Baba ya ce akwai wata hanyar ta Ɗorayi, a bayan tsohuwar jami'a, wadda ƙasarta ta fi tudu, sai dai yashi ya yi mata yawa a wasu wuraren. Mun yi da shi ranar Asabar mai zuwa bayan asuba zai bi da mu mu gani.